Kunun Gyaɗa a Ledar Rogo

Akuyar da Inna ta ba ni lokacin bikina ba ta shekara a gidana ba. Ja ce mai farin goshi, idanunta kamar an rambaɗa musu kwalli. Da yamma nakan zauna kusa da ita ina karanta littafin soyayya, ita kuma tana tuƙa. Sai ta fara ramewa, ciki yana kumbura. Da maigidana ya kira mahauci ya yanka ta, curin baƙar leda aka ciro daga tumbinta.

Na sha kuka, na ce leda ta daina shigo mini gida. Maigidana bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ga ɗan da akuyar ta bari yana yawo a tsakar gida, komai ya gani sai ya kai baki. Shi nake tsoron rasawa.

Ƙanwar maigidan, mai karatu a Kano, ta kawo mini wata leda fara mai laushi. Ta ce da sitacin rogo ake yin ta, in an yar, ƙasa ke cinye ta.

"Matar Yaya, wannan ko ɗan lelen naki ya haɗiye, tuwo ya ci," in ji ta.

Ranar kasuwar Mai'adua, inda maigidan yake awon hatsi, na dama masa kunun gyaɗa. Na juye shi da zafinsa a ledar rogon, na ƙulle baki kamar yadda kowa ke ƙulla koko a Daura, na sa a jakar da yake ratayawa. Har na hango shi a raina, a inuwa yana sha, yana murmushi shi kaɗai.

Bai fita gari ba na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofa. Kunu tun daga ƙugu har gwiwa a kan farar shadda. Ledar ta narke, sai ƙullin ya rage.

"Amarya, ni kika dama wa ko rigar?"

Ƙanwarsa ta durƙushe tana dariya. "Wayyo, Yaya! Na manta ban ce ba ta son ruwan zafi ba."

"Kin kyauta, sarauniyar boko. Ke za ki wanke."

Na san abin da zai biyo baya shi ne a koma wa baƙar leda. Ya sauya kaya, ya tsaya yana kallon ɗan akuyar yana lasar kunu a ƙasa.

"Gishiri da barkono da ƙuli-ƙuli, ki sa a ta rogon," ya ce. "Kunu kuwa zan sayo fulas. Baƙar leda in na shigo da ita, ki karɓe tun daga zaure."

Da yamma ya dawo da fulas shuɗi, da tsire naɗe a takarda.