Sawu a Kan Toka

Jikata tana shekara takwas lokacin da makarantarsu ta nemi manya su raka yara gidan tarihi, saboda an rage mataimakan malamai. Uwarta na wurin aiki, sai na hau jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Birmingham. Raina fari, ko da yake yarinyar ba ta taɓa yi mini Hausa ba. Ina tambaya da Hausa, tana amsawa da Turanci. Na ɗauka idan ta ga abin da kakanta ya iya, za ta matso kusa.

An shirya musu falo irin na ƙarni na sha tara, zamanin da Turawa suka haukace da labaran masu binciken laifi. Wata ma'aikaciya ta ce an sace cokalin azurfa. Ta raba musu tabarau na hannu mai ƙara girman abu, ta nuna musu sawu a kan toka gaban murhu.

Ni kuwa a hannun mahaifina na koyi bin sawu, a bayan garinmu. Na ga gwanayen bin sawu a Agadas, na ga na Omdurman ta Sudan masu gane raƙumi mai ido ɗaya daga gefen da ya ci ciyawa. Na durƙusa na duba. Dunduniya ba nauyi, yatsu ba su ture toka ba.

Na ɗaga murya na ce, "Ba wanda ya taka nan. Takalmi aka riƙe a hannu aka danna."

Yara suka kwashe da dariya. Wani ya nuna ma'aikaciyar yana ihu wai ita ce ɓarauniya. Fuskarta ta yi ja, wasan ya watse, ba wanda ya ƙara neman cokali.

Jikata ta ajiye tabaraunta. Don kada ƙawayenta su ji, ta ce da Hausa, "Kaka, ka yi shiru."

Hausarta ta farko ke nan gare ni.

Na yi mata alkawarin za mu dawo, bakina a rufe. Da hutu ya zo na cika. Muka tarar an kulle ɗakin. Mai gadi ya ce hukumar birni ta soke shirin, an sallami matar. Ta gilashin ƙofa ana hango tokar, ba a ko share ba.

A hanyarmu ta komawa unguwarsu Handsworth an yi yayyafi. Ta wuce gabana. Na bi sawunta da ido a kan jiƙaƙƙen daɓe: taku mai tsawo, nauyi duk a yatsu, irin na mai son yin nisa.