Garkuwar Baba da ladabin likitoci

Sana'ata citta ce. Ina saye a hannun manoma, in shanya, in tsince, in ɗura a buhu, in jira motar da za ta kwashe. Ban gaji sana'ar a wurin kowa ba. Da kafaɗata na fara, ina ɗaukar buhunan wasu a kasuwar Kafanchan, kafin na samu shagon kaina. Aikin kuma yana da lokacinsa. Da damina citta tana cikin ƙasa, mai saye ba shi da abin yi sai ya zauna bakin shago yana kallon ruwa. A irin wannan zama na koyi wani wasan waya da ake shiga ta intanet, inda mutum zai zaɓi jaruminsa, ya haɗu da wasu, a shiga kogo a kashe dodo.

Rundunarmu ta cikin wasan duk 'yan gida ne, daga Kafanchan da Kauru da Samaru Kataf, da waɗanda neman abinci ya kai Sabon Tasha. Shugabarmu wata tela ce a Samaru Kataf, mace mai ƙarancin magana, da kwari da baka take yaƙi. Ita ta sa mana lokacin babban yaƙi ranar Lahadi, bayan an tashi sujada a majami'a, kuma a gama kafin Musulmin cikinmu su tafi sallar la'asar. Aiki kashi uku ne. Akwai masu garkuwa da ke tsayawa gaba suna shan duka, akwai masu bugu, akwai likitoci da ke baya suna mayar wa mutane jinin da dodo ya zubar, wanda ya faɗi kuma su tashe shi. Ni likita na zaɓa, don na ga kamar sana'ata ce: ka tsaya inda kake ganin kowa, ka lura da wanda kayansa ke ƙarewa, ka kai masa.

Likitoci suna da ladabinsu, kuma asalinsa ba shirme ba ne. Tulun maganin kowane likita yana ƙarewa. In mu biyu muka zuba wa mutum ɗaya, an yi asara, wani can gefe ya mutu. Saboda haka kafin a shiga kogo ake raba mayaƙa, kowane likita da mutanensa, ba ka sa hannu a majinyacin wani. Na gane wannan tun ranar farko. A kasuwa ma in manomi yana ciniki da maƙwabcina, ba na ɗaga masa gira.

Abin ya lalace ne da muka samu babban likita. Ma'aikacin ofis ne a Kaduna, yana zaune a Sabon Tasha, shi ya fi mu daɗewa a wasan, kuma shi ya ce a riƙa kiransa Ciyaman. Ba wanda ya zaɓe shi. Ya ɗauki dokar da aka yi don kada magani ya zube, ya yi ta ɗora mata kaya. Ya ce mayaƙi ba zai ce "magani" kawai ba, sai ya ce "Likita, a taimaka". In an warkar da shi ya yi godiya. Likitoci su jeru bisa girma, shi a tsakiya. Wanda ya faɗi kuwa, likitansa kaɗai ke da ikon tashinsa, shi ma sai an roƙa. Daga ƙarshe ya sa aka rufe magana da murya lokacin yaƙi, wai hayaniya ce irin ta tashar mota, likita yana bukatar natsuwa. Komai sai a rubuce.

Sauran likitocin suka karɓa da hannu biyu. Na san irinsu. Mutum ne duk mako ana aikensa, ba mai ce masa sannu, ranar Lahadi ya samu manyan mutane suna rubuta masa "don Allah". Har wani salo suka koya, su bar jinin mayaƙi ya yi ƙasa sosai kafin su zuba, don godiyar ta yi kauri. Ni na riƙa yin aikina ina kallonsu. Mai jira a roƙe shi kafin ya yi abin da aka ajiye shi dominsa, ban taɓa ganinsa da daraja ba, a waya ko a kasuwa.

Babban mai garkuwarmu wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin reluwe, kowa Baba yake ce masa. 'Yarsa ta saya masa wayar don ya rage zaman kaɗaici bayan rasuwar matarsa. A bencin shagona yake wasa, don wurina sabis yana da ƙarfi, ina kuma da sola ta caji. Yana zuwa da kayan sujadarsa, ya ajiye Littafinsa a kan buhu, ya goge tabarau, ya zauna. Baba ba shi da sauri, amma ba ya gudu. In ya kafa ƙafa gaban dodo, sai dai a ɗauke shi.

Yana da garkuwa guda da babu irinta a rundunar, baƙa mai fitila a tsakiya. Damina biyu ya yi yana bin wani dodo kafin ta faɗo masa. Cewa yake ta yi kama da goshin injin jirgi. Dokar kogon ƙasa, inda muke babban yaƙi, ita ce in mutum ya faɗi, kyandir zai kama a kan gawarsa. In ya ƙone ba a tashe shi ba, abin da ke hannunsa ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

A rabon mayaƙa, Ciyaman ya ɗauki Baba, don likitan babban mai garkuwa shi ake gani. Amma yatsun Baba na mai ɗaure ƙarfe ne, kafin ya nemo harafi ɗaya an gama yaƙi. Sai ya riƙa yin godiyarsa da baki. Ina zaune kusa da shi ina ji, duk sanda jininsa ya ƙaru zai duƙar da kai ga wayar ya ce, "Na gode, ɗana, Allah ya sa albarka." Ciyaman ba ya ji, tunda shi ya rufe muryar. Ya fara ƙorafi a guruf ɗin likitoci cewa akwai tsohon da ya raina ofishinsa. Na gaya masa abin da nake ji da kunnena. Ya ce godiyar da ba a rubuta ba, ba ta iso ba.

Wata Lahadi ana yayyafi muka shiga kogon ƙasa. Dodon ranar mai kai biyu ne, Baba ya tare shi tun daga ƙofa. Ina lura da mutanena, amma ina ganin jinin Baba yana sauka, Ciyaman yana sane, yana jira. Ya jira har ya wuce lissafinsa. Dodo ya kai duka biyu a jere, Baba ya faɗi, kyandir ya kama.

Ciyaman ya tako da jaruminsa har kan gawar, ya tsaya yana juya sandarsa. Tulunsa cike yake, ina gani. Na rubuta masa, "Oga, Baba ya faɗi." Ya amsa, "Bai roƙa ba."

A gefena Baba ya kai wayar kusa da hancinsa, tabarau ya zame, yatsa yana yawo a kan haruffa. Da baki yake ta cewa, "Likita, don Allah, a taimaka." Kyandir ya wuce rabi. Sauran likitocin suna jere bisa girma, ba wanda ya motsa. Na bar layina na je na tashe shi. Ya miƙe da garkuwarsa, ya koma gaban dodo, muka gama da shi kafin kiran la'asar.

Ban kai ga rufe shago ba saƙonnin murya suka fara shigowa. A nan Ciyaman ba ya ƙin murya, dogaye yake aikowa. Ya ce na karya oda, na shiga gonar da ba tawa ba, na zubar masa da mutunci gaban ƙananan likitoci. Wannan duk ban damu ba. Abin da ya tsaya mini shi ne hukuncin da ya yanke: tunda tashin da na yi ba bisa ƙa'ida ba ne, a wurinsa Baba ya mutu, garkuwar kuma ta ɓata. Don haka Baba ya cire ta ya zuba a rumbun runduna, in ba haka ba babu likitan da zai sake taɓa shi. Likitocin suka bi layi suna goyon baya. Wani har ya ce abin darasi ne ga na baya.

Na amsa sau ɗaya. Na ce dokar majinyacin wani na san amfaninta, ina kuma binta. Amma in buhun abokin cinikin maƙwabcina ya faɗa kwata, maƙwabcin yana tsaye ya harɗe hannu yana jira a gaishe shi, zan ɗaga buhun, kuma ba zan nemi gafarar kowa ba.

Baba ne ya ba ni wahala. Washegari ya zo ya zauna, ya ce in nuna masa yadda ake zuba kaya a rumbu.

"Ni ne na sha wahalar samun garkuwar nan," ya ce, "amma ba na so yara su yi faɗa don ni. Abin wasa ne."

"Baba, in abin wasa ne, me ya sa ka yi damina biyu kana nemanta?"

Na ce ya bar ta a hannunsa har shugaba ta yi magana. Ita kuwa ta yi shiru kwana da kwanaki, har na fara zargin ita ma ta bi su.

A Asabar ɗin aka yi bikin wani ɗan rundunarmu a Kafanchan, mutane suka zo daga ko'ina. Bayan an fito daga majami'a, shugaba ta biyo shagona da ɗankwalinta na anko, ta durƙusa ta gaida Baba, ta zauna a kan buhu. Can sai ga Ciyaman. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Ɗan siririn mutum ne cikin kwat mai sheƙi, yana taka ƙasa yana duban takalminsa. Ya wuce tsohon da ke kan benci kamar ya wuce turmi, ya miƙo mini yatsu, ya fara magana a kan oda tun bai zauna ba. Ya ce runduna ba ta tsayuwa sai da ladabi, shi kuma ba don kansa yake yi ba, don ofishin likita ne.

Shugaba ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce, "Oga Ciyaman, ka gaida Baba?"

Ya waiwaya. "Wane Baba?"

"Majinyacinka. Ga shi nan ka wuce shi."

Baba ne ya fara miƙa masa hannu, ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana, yaya hanya?" Ciyaman ya karɓa yana ƙunƙuni. Na zaci kunya za ta sa ya bar maganar. Ina! Ya gyara kwat ya ce wannan daban, wancan daban, a waje Baba uba ne, amma a cikin kogo dole ya bi tsari.

Shugaba ta tashi ta kakkaɓe ƙurar citta daga zanenta. Ta ce garkuwa tana hannun Baba, a nan za ta zauna. Daga gobe an buɗe murya. Likitan da ba zai iya tashin wanda ya faɗi a gabansa ba, ya ajiye sanda ya koma bugu, ko ya nemi wata runduna.

Ya nemi wata. Ya tafi da kusan duk likitocinmu, suka kafa tasu. Labarin da ya iso mana shi ne mayaƙa sun ƙi zama da su, sai suka zama runduna ta likitoci zalla. Na taɓa hango su a bakin wani kogo, a jere bisa girma, kowa tulunsa cike, suna jiran wanda zai shige gaba. Ban tsaya ba.

Mu ma mun ji jiki, ba zan ɓoye ba. Ni da wani mai shagon magani a Kauru muka rage, mayaƙa sun fi ƙarfin tulunanmu, Lahadi da yawa dodo ya kore mu tun daga ƙofa. Dokar raba majinyata mun ci gaba da ita, don tana da amfani. Sai dai mun ƙara mata abu ɗaya: wanda ya fi kusa da gawa shi ke tashinta, a yi bayani daga baya.

Baba ya dawo rabona. Tunda aka buɗe murya, duk runduna tana jin godiyarsa, tana jin tarinsa, tana jin masu babur da ke wucewa gaban shagona. Shugaba ta taɓa roƙonsa ya rage albarkar da yake sa wa mutane tsakiyar yaƙi, don ba a jin umarninta. Ya ce to, bai rage ba. Garkuwar tana nan a hannunsa. In an fara haƙar citta ni ba na samun sukunin wasa sosai, amma ranar Lahadi yakan zo duk da haka, ya ture buhu gefe, ya sa wayarsa a caji, ya jira in gama awo.