Rabon Ya Falmata a Shekarar Harajin Taba

Har yau ban manta da ranar rabon riba ba, a shekarar da gwamnati ta ƙara harajin taba. Lokacin ina akawu a wani ɗan kamfanin sari a Moduganari, kafin in ajiye aiki in zauna gida. Muna sayar da sabulu da sukari, amma taba ce ke riƙe da mu.

Ga yadda lissafin yake. A ƙarshen shekara za a cire haya da albashi da haraji, abin da ya rage a raba shi da yawan hannayen jari. Abin da ya fito shi ne rabon kowane hannu.

Da farashi ya tashi, manajanmu Alhaji Modu ya ce min, "Kwantar da hankalinki, Hajja. Mashayi zai haƙura da tuwo, ba zai haƙura da taba ba." Mashaya ba su daina ba, amma sun rage. Mai sayen kwali ya koma kara biyu. A layin shingen sojoji sai ka ga masu keke napep uku suna karɓa-karɓa da kara ɗaya. Ni a zuciyata hamdala nake yi, sai da na zauna lissafi. Sau uku na maimaita, rabon hannu bai kai rabin na bara ba.

A tsarinmu masu jari kan zauna a tabarma, akawu ta karanta da baki, don yawancinsu ba su yi boko ba. Cikinsu akwai Ya Falmata, wadda aka kashe mijinta, mai fataucin kifi, a hanyar Baga. Jarinsa ta gada, da ribarsa take biyan hayar ɗaki a Mairi, ita da jikoki huɗu.

Alhaji ya matso kusa da ni. "Ki ce mata sauran na hanya."

"Alhaji, ba zan iya ba. Da wannan maganar za ta je gun mai gidan hayar."

Na karanta rabon yadda yake. Ya Falmata ta dube ni.

"'Yata, ɓarayi ne suka shigo muku?"

"A'a, Ya Falmata. Mutane ne suka rage shan taba."

Ta daɗe tana jan carbinta. "To, ƙirjinsu ya huta. Ni kuma in nemi inda zan kai yaran nan."

Wata biyu bayan nan ta koma sansanin 'yan gudun hijira.

Ku da kuke kan aikin yanzu, raba riba da yawan hannaye ba wuya, ɗan firamare ma zai yi. Wuyar tana wajen ɗaga kai ka karanta wa mai hannun. Har gobe ina roƙon Allah ya raba mutane da taba, sai dai yanzu nakan sa Ya Falmata a cikin addu'ar.