Yaya Sama'ila da 'yar da ya tafi da ita

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sama'ila, kuma har yau kishinsa nake yi. Na san ba a faɗin haka a kan mamaci. Allah ya jiƙansa, amma gaskiyar ke nan.

Shi ya yi boko ya zama mai binciken ƙwayoyin cuta a Kano, ni na tsaya a ƙauyenmu Fassi da noman albasa. Wannan bai taɓa damuna ba. Abin da ya tsaya min a rai Hadiza ce, 'yata ta fari. Allah bai ba Yaya haihuwa ba, don haka da aka yaye ta, a shekarar da ake ta zancen shari'a a Kano, Inna ta ce a ba shi riƙonta. 'Yar fari ce, kunya ta hana ni ko kiran sunanta, balle in ce a bar min ita. Ina tsaye a tashar Kibiya ya ɗora ta a cinya mota ta tashi.

Idan ya zo hutu, zancensa ɗaya ne, ƙwayar taifod. Ya ce ba da ƙarfi take shiga jiki ba. Sai ta manne a bangon hanji, ta tsira wa ƙwayar halittar mutum wani sinadari nata mai suna furotin, ƙwayar halittar kuwa ta buɗe da kanta ta haɗiye cutar. Sojojin jini su zo su cinye ta, ta hana su narkar da ita, ta zauna a cikinsu tana hayayyafa. Na ce masa, "Yaya, ai kai ma haka ka yi min." Ya yi dariya har da ƙwalla, ya ɗauka wasa nake.

Da yana raye da ya ga yadda ake sayen maganin taifod a kasuwar Rano kamar gyaɗa, a sha rabi a ajiye, har cutar ta daina jin magani. Da ya yi faɗa. Yanzu Hadiza ke yin faɗan, domin aikinsa ta gada, har da yadda yake karkata kai idan zai yi bayani. Nakan leƙa fuskarta ina neman wani abu nawa. Hancina kawai na samu.

Da ya rasu na ɗauka za ta juyo gare ni. Tana zuwa, tana durƙusawa, tana kawo min magani da shadda. Amma Baffa take ce min, kamar yadda ya koya mata.

Bana ta haifi namiji. Na je Kano da rago, ina ta gyara zama a cikin taro, domin a raina na sa cewa ni za a yi wa takwara. Liman ya raɗa suna, aka sanar: Sama'ila. Na fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.

Da na shiga ciki ta miƙo min jaririn ta ce, "Baffa, ga babana ya dawo."

Na karɓe shi, na yi masa addu'a.