Faifan da Ya Yi Gadin Geron Kawu

Wani abokina da ke karatu a Turai ya turo mini faifai ta waya, ya ce in saurara in rubuta masa sharhi a shafinsa. Irin kiɗan wai sunansa melodik des metal. Mawaƙin gurnani yake yi kamar ƙashi ya maƙale masa, ganguna kuma sai ka ce injin niƙa. Amma can tsakiya jita takan shigo da wani sauti mai taushi. Wurin nan ya kama ni ƙwarai, har idona kan ciko.

Matata ta ce ba a gidanta ba. Na ɗauki 'yar sifikata, na hau babur daga Kazaure zuwa Gwiwa wurin kawuna, don in saurara a natse. Na tarar da shi a gona hankali tashe. Geronsa ya fara nuna, tsuntsaye jan-baki sun sa shi gaba, ya kaɗa gwangwani har hannunsa ya sage. Gonar ke nan gare shi, ita ce abincin gidansa na shekara.

Na zauna gindin tsamiya na kunna. Gurnanin farko gonar ta yi wayam. Kawu ya saki baki, ya roƙa wa mawaƙin lafiya, sannan ya ɗaure sifikar a kan sanda tsakiyar gero. Can sai jita ta shigo. Tsuntsayen suka sauko har da baƙi, suna ci a natse, sai da gurnani ya dawo suka tashi. Haka muka yini.

Kafin in rubuta layi ɗaya Kawu ya gama nasa sharhin. A wurinsa mai gurnani mutumin kirki ne, mai ganga ya san aikinsa, mai jita kuwa munafuki ne, bakinsa ɗaya da tsuntsaye. Na dage ina bayani cewa jitar nan ita ce ran faifan. Ya saurare ni har na gaji.

"Ɗan nan," in ji shi, "wurin da kake share hawaye, nan suke cin abincina. A cire shi."

Na kai wayar wurin mai tura waƙoƙi a kasuwa. Ina tsaye, raina a ɓace, ya yanke duk inda jita ta yi daɗi, ya zuba sauran a memori. Sifikar ma a gona na baro ta.

Kawu ya yi girbi lafiya. Ni kuwa har yau in na kunna cikakken faifan, da jita ta shigo sai gabana ya faɗi, in ɗaga kai in duba sama.