Garin Goro da Na Zubar

Shekarar da jirgin ƙasa ya fara yin sati bai shigo Kafanchan ba, masu sayar da abinci a tasha suka watse, ina aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na wata kwaleji. Na kai shekara arba'in da 'yan kai, kuma a lokacin ban iya karatu ba, ban ma shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna. Duk abin da na sani na aikin, da ido na koya.

Akwai aikin da ɗalibai ke yi kowane zango. A ba su farin gari mai datti, su narkar da shi a ruwan zafi, su bar shi ya huce. Can sai ka ga wasu abubuwa kamar siraran allurai suna fitowa a gindin kwalba. Su tace da takarda, su shanya abin da ya tsaya a kanta, ruwan kuma su bar mini in zubar. Ni ina zuwa ne daga ƙarshe, don haka abin da na riƙe shi ne: na kan takarda dukiya, na cikin kwalba shara. Ko kamun koko haka matata ke yi, ta tsiyaye ruwa ta riƙe na ƙasa.

A cikin 'yan ajin ƙarshe akwai wata malamar firamare daga wajen Nok, da ta dawo ƙarin karatu da goyo a bayanta. Tana ce mini Baba, ina ce mata Malama. Aikinta na fita shi ne ta ciro abin nan da ke cikin goro mai hana barci. Idan ba ta miƙa shi ba, ba za ta fita tare da 'yan ajinta ba, ga shi hutun da aka ba ta a wurin aiki ya kusa ƙarewa.

Da yake ni maci goro ne, ni na raka ta kasuwa na zaɓar mata ƙwarya biyu. Muka yayyanka, muka shanya, na daka a turmin gidana. Tana tsokanata cewa ta ƙirga, kada in rage da baki; ni kuma ina ce mata su mutanen Jaba citta suka sani, su bar mana goro. Sati biyar tana dafawa tana tacewa, har ta ƙarar da maganin da ake jawo abin da shi, kwalba ɗaya da ta rage a sito. Abin da ta samu bai fi cokali biyu ba, gari mai ruwan ƙasa. Saura ta tsarkake shi ya yi fari.

Ranar wata Alhamis na dawo daga sallar azahar na tarar ba ta nan. Ashe yaron ne jikinsa ya yi zafi, mai raino ta aiko ta fita da sauri. A teburinta ga mazurari da takarda, cike da baƙin abu mai ɗan ƙyalli. Gefe ga kwalba an rufe bakinta, da ruwa garau mai warin sipirit. Akwai rubutu a jikin kwalbar, amma duk kwalaben ɗakin da rubutu a jikinsu.

Na ce a raina baiwar Allahn nan ta bar wahalarta a buɗe, ga iska. Na ɗauki takardar da hannu biyu, na shimfiɗa a faranti, na kifa wani a kai, na sa a kabad na kulle. Ruwan kuma na tuttule a rariya, na wanke kwalbar har tana sheƙi.

Da la'asar ta shigo, na miƙa mata farantin ina jiran godiya. Ta duba, ta juya ta kalli teburin.

"Baba, ina ruwan da na bari a nan?"

Na ce na zubar.

Ta zauna a kan benci. Ta ce, "Wannan gawayi ne, Baba. Shi ya kwashe datti. Abin yana cikin ruwa, ina jira ya huce ya fito."

A ranar na san tacewar sau biyu ce. Ta farko da zafi ake yi, ruwan ake so. Shekara shida ina ɗakin, ta biyun kaɗai nake tararwa.

Na kwance bututun ƙarƙashin wurin wanki ko an dace. Ita ta ce in bari, kada in ɓata rigata. Ta kuma ce za ta gaya wa malaminta kwalbar ce ta suɓuce mata, don ita shekara za ta rasa, ni kuwa abincin 'ya'yana. Washegari na riga ta zuwa ofis na faɗi yadda aka yi. Malamin ya yi mini faɗa, sannan ya yi wa kansa, ya ce bai taɓa zaunar da ni ya nuna mini aikin daga farko ba. Na roƙe shi, na ce zan sayo wani goron. Ya ce goro ba shi ne matsala ba, maganin ne babu, kuma ba za a kawo ba sai wata shekarar karatu.

Ta tattara kayanta ta koma ƙauye. Ranar tafiya ta biyo ta yi mini sallama, ta ce in gaida Mama da yara.

Abin da aka rasa: goro ƙwarya biyu, kwalbar magani ɗaya, aikin sati biyar, gari cokali biyu, da shekara guda ta Malama.