Gawon da ban taɓa tsayawa a gindinsa ba

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, na kusa ɓata zumunci da ƙanensa a kan iyakar gona. Lokacin ina aiki a Dogon Dutsi. Na je ƙauyenmu wajen Dogon Kiriya gab da shuka, na tarar ya yi shara har ya wuce wani gawo da ke tsakanin gonarmu da tasa.

Ni kuwa ina tune da ranar da aka raba gonar nan sarai. Ina ganin mahaifina da shuɗiyar hula, ya dafa gawon ya ce nan ne iyaka. Har zafin yashin ranar nake ji a ƙafata.

Na sami tsohon a ƙofar gidansa. Na ce, "Baba, iyaka ta yi tafiya bana."

Ya dube ni. "Wa ya gwada maka ita?"

"Ina wurin ran da anka raba."

Ya tashi ya shige gida, wannan kuma ya ƙara mini zargi. Na shiga lura da shi, wa yake gaisarwa, me ke kai shi gidan maigari. Da mahaifiyata ta ce, "Kai fa ba ka nan waccan shekara, kana karatu a lakwal a Doso," sai na ce a raina ita ma an lallashe ta. Na shirya kai ƙara.

Ranar da zan je wajen maigari, mahaifiyata ta buɗe adakarta ta miƙo mini wata takarda da ta yi ja don tsufa. Wasiƙa ce da na aiko daga Doso, ina tambayar mahaifina yadda rabon gona ya ƙare, tunda ban samu zuwa ba. Sau uku na karanta, ina neman alamar jabu a rubutun hannuna.

Ashe wana ne ya je. Ya sha ba ni labarin har na saka kaina a ciki. Da na kira shi a waya ya ce, "Gawon da marigayi ya dafa ai ya faɗi tuntuni. Wanga na yanzu wani na daban."

Na koma wajen tsohon na durƙusa. Ya ce, "Na san ba ƙarya kaka yi ba. Abin da ya ba ni tsoro ke nan."

Na daɗe ina juya maganar. Da maigari ya ce in rantse, da na rantse da zuciya ɗaya. Yanzu in na ji bakina ya ce "da idona na gani", sai in dakata in tambayi kaina wa ya fara ba ni labarin.